Ba A San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Duk wanda ya zauna da direbobin haya a 'yan shekarun nan ya san cewa a wannan sana'a man fetur shi ne miyar, kuma ya san ta ja baya ƙwarai da gaske. A zamanin da mai yake da araha kowa direba ne, domin da wanda ya iya da wanda bai iya ba duk suna komawa gida da kuɗin cefane. Amma da mai ya yi tsada sai aka shiga tankaɗe da rairaya, har ta kai ga wasu sun jingine motocinsu sun nemi wata hanyar abinci, wasu kuwa suna nan daram a kan titi. Abin da nake so in kawo wa mai karatu a wannan 'yar muƙala shi ne abin da na gani da idona game da dalilin wannan bambanci, kamar yadda na koye shi a gefen wani dattijon direba, watau kawuna.

Kafin mu shiga mota, ya kamata mu ɗan waiwayi tarihin farashi, don a gane girman abin da ake magana a kai. A shekarar 1991 ana sayar da litar fetur kwabo 70. A ƙarshen 1993 ta koma Naira 3 da kwabo 25, a 1994 ta zama Naira 11, a farkon 1999 kuma Naira 20. A watan Janairun 2012, bayan zanga-zangar da ta game ƙasa, aka tsayar da ita a Naira 97, sa'annan a 2016 ta hau Naira 145. Duk waɗannan hawa ne na tsani, taki bayan taki. Babban tsalle shi ne na ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai Naira 200 ba ta doshi Naira 500, kuma a watan Oktoban 2024 ta kai wajen Naira 1,000 a manyan garuruwa. Kuɗin dako da na fasinja sun ƙaru, gaskiya ne, amma ba su ninka sau biyar ba kamar yadda mai ya yi. Wannan giɓi da ke tsakani, a aljihun direba ya faɗa.

Kawuna ƙanen mahaifiyata ne, mazaunin unguwar Sabo ta Badun, kuma ya fi shekara talatin yana riƙe da sitiyari. Motarsa farar Toyota Hiace ce 'yar Kwatano, wadda aka cire wa kujerun baya don ɗaukar kaya. Aikinta shi ne dakon kayan gwari da albasa da busasshen barkono daga kasuwar Akinyele, inda manyan motocin Arewa suke saukewa, zuwa ga 'yan kasuwa a Mil 12 ta Legas. Ba tasa ba ce tukuna a lokacin da na san ta. Wani attajiri ne ya ba shi ita bisa sharaɗin ya riƙa biya mako-mako har kuɗin su cika ta zama tasa, in kuwa ya kasa biya sau uku a jere, mota ta koma ga mai ita, abin da ya riga ya biya kuma ya bi ruwa. Na zama yaron motarsa ne a 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin nan na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Daga baya kuma duk hutu nakan koma masa, saboda haka na ga motar a zamanin miya, na kuma gan ta bayan miyar ta ƙare.

Abin da ya fara ba ni mamaki game da shi ba tuƙinsa ba ne, wani ɗan littafi ne mai baƙin bango da yake ajiyewa a aljihun gaban mota. Kawu bai yi boko ba, da ajami yake rubutu. Duk ranar da ya shiga gidan mai sai ya cika tanki fal, ya rubuta adadin litar da ya sha, ya kuma rubuta lambar da malejin mota ya nuna. In ya sake cikawa sai ya debe tsohuwar lamba daga sabuwa, ya san tsawon tafiyar da ya yi, ya san man da ta ci. Yawancin abokan aikinsa da kuɗi suke auna mai, sai ka ji mutum ya ce ya sha na dubu goma, alhali dubu goman jiya ba ita ce ta yau ba. Shi kuwa da lita yake aunawa. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala, sai ya ce, "Ɗan nan, mota ba ta da baki. In tana ciwo, a tanki take faɗa. Wanda bai san abin da take ci ranar da take lafiya ba, yaya zai gane ranar da ta fara ciwo?" Daga ranar ya miƙa mini littafin, ya ce tun da ni ɗan jami'a ne lissafi ya zama nawa.

Da na riƙe littafin ne na fahimci cewa 'yar ƙaramar rara tana da nauyi in aka tara ta. Alal misali, babbar hanyar Legas zuwa Badun, wadda aka buɗe a 1978, tsawonta kilomita 127 ne da 'yan kai, in aka haɗa da shiga gari da fita, zuwa da dawowa ya doshi kilomita 300. A ce motoci biyu iri ɗaya sun yi wannan sawu, ɗaya tana shan lita 12 a kowace kilomita 100, ɗayar tana shan 15. Ta farko za ta ƙone lita 36, ta biyu 45. Bambancin lita 9 ke nan a sawu ɗaya. In ana yin sawu biyar a mako, lita 45 ke nan, watau direban na biyu yana ƙone man sawu guda cur a banza duk mako. Lokacin da lita take ƙasa da Naira 200 wannan asara ba ta hana barci. Da ta kai Naira 1,000 kuwa, sai ta zama Naira 45,000 a mako, kuɗin da za su iya raba mutum da motarsa. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma randa kan ƙafe.

To, ina lita taran nan take zurarewa? Amsar Kawu a kullum ita ce, "A ƙafar dama." Idan zai tashi daga tsaye ba ya danna totur kamar mai gudun gobara. Yakan saki kuloci a hankali, ya ba mota wuta daidai gwargwado, da zarar ta ɗan miƙe ya sauya giya, ba ya barin inji ya yi ta kururuwa a ta biyu ko ta uku. Haka kuma ba ya sa babbar giya mota tana tafiyar hawainiya har inji ya riƙa shaƙewa yana karkarwa, domin wannan ma cuta ce. Kunnensa ne ma'auninsa. Yakan ce inji kamar jaki ne mai ɗauke da kaya, yana da takun da in ka bar shi a kai zai wuni yana tafiya, in ka tsananta masa duka kuwa zai yi sukuwa ta ɗan lokaci ya tsaya yana haki.

Babban abin da na lura da shi, wanda sai an daɗe a gefensa ake ganewa, shi ne ƙarancin taka birkinsa. Ba wai yana ganganci ba ne, a'a, idonsa ne yake can nesa. Tun daga nisa yakan hango tirelar da take shirin fitowa daga Ogere, ko shingen jami'an tsaro, ko rami, sai ya ɗage ƙafa daga totur ya bar mota ta rage gudu da kanta, kafin mu isa wurin sau da yawa hanya ta buɗe, mu wuce ba tare da mun tsaya cik ba. Tsakaninsa da motar gaba kullum akwai tazara mai yawa, ko da wasu za su yi ta kutsawa ciki. Wata rana wani matashin direba ya wuce mu fuu, bai yi nisa ba ya ci birki a bayan tanka har tayoyinsa suka yi ƙara. Kawu ya ce, "Ka ga wancan? Ya sayi gudu da kuɗinsa, ya kuma zo ya kashe shi da ƙafarsa. Duk birkin da ka taka, man da ka riga ka biya ne kake zubarwa." Ilmin kimiyya ya gaskata shi. Ƙarfin da inji ya samo daga mai ya tura mota da shi, birki yakan mai da shi zafi ne kawai ya bi iska. Bugu da ƙari, wannan ƙarfi ba daidai da gudu yake hawa ba, domin motar da take gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da ninki huɗu na ƙarfin da take da shi a gudun 50. Shi ya sa tsayar da ita yake da wuya, shi ya sa kuma asarar take da yawa.

Wannan ya kawo mu ga batun gudu, wanda a kansa ne Kawu ya fi shan tsiya a tasha. A buɗaɗɗiyar hanya allurarsa ba ta wuce tsakanin 80 da 90, har samarin tasha suka riƙa yi masa kirarin kunkuru. Dalilinsa shi ne ya lura da cewa in ya haura haka, allurar mai takan faɗi kamar an huda tanki. Bayanin wannan yana ga iska. Mota irin tasa gabanta a tsaye yake kamar bango, kuma turjiyar da iska take yi mata tana hawa ne ninki a kan ninki: a gudun 120 ta fi ninki biyu na abin da take a gudun 80. To, mene ne ribar? Tafiyar kilomita 120 a gudun 90 minti 80 ce, a gudun 120 kuwa minti 60. Minti ashirin kacal mutum yake saye da wannan mai, kuma sau da yawa cunkoson gadar nan mai tsawo ta kusa da kasuwar shanu ta Kara yakan cinye su, sai ka ga wanda ya wuce mu tun a Shagamu ga shi nan gefenmu yana fifita da kwali. Ko dokar hanya ma tana bayan Kawu, domin iyakar gudun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta yanka wa motocin bas a irin wannan babbar hanya kilomita 90 ne a awa, kuma tun a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Akwai kuma man da yake ƙonewa mota tana tsaye wuri ɗaya. Al'adar direbobinmu ce su ta da mota da sassafe su bar ta tana ruri minti goma sha biyar ko fiye, wai tana ɗumi, su kuwa suna wajen mai shayi. Kawu minti ɗaya ko biyu yake ba ta, gwargwadon yadda baƙin mai zai zagaya, sa'annan ya kama hanya a hankali, domin inji ya fi saurin ɗumi yana tafiya. In muna jiran lodi ko sauke kaya, kashe ta yake yi. In cunkoso ya tsaya cik, alamu kuma suka nuna ba yanzu ba, nan ma ya kashe. Inji mai girman nasa yana iya ƙone kusan lita guda a awa ɗaya ba tare da taya ta juya ko sau ɗaya ba, alhali man da ake ta da shi bai kai na minti guda na zaman banza ba. Amma maganin cunkoso na gaskiya a wurinsa shi ne kada a shige shi tun farko. Aikin sake gina hanyar da aka fara a 2013 ya ɗauki shekara da shekaru, ya kuma sa mutane da yawa sun wuni a kan titi. Saboda haka mukan yi lodi tun dare, mu tashi kafin assalatu, mu yi sallar asuba a Ogere cikin 'yan'uwa direbobin manyan motoci, mu shiga Legas kafin ma'aikata su fito. Sammako, a wannan sana'a, shi ma tattalin mai ne.

Sai batun kaya. Kawu ba ya yarda a ɗaura masa ko buhu ɗaya a saman mota, komai roƙon mai kaya. Cewa yake yi kayan sama tutar asara ce: suna tare iska, suna ƙara shan mai, suna kuma sa mota rangaji a kwana. Ba ya kuma yin lodin da zai sa gindin mota ya zauna a kan taya. Mutum yakan ga kamar ƙarin buhu biyar riba ce, amma in ya lissafa da man da nauyin zai ci a hawa, da tayar da za ta fashe, da ƙarfen ƙasa da zai karye, da abin da zai bayar a kowane shinge don a kau da kai, sai ya tarar garin neman gira ya rasa ido. A ɗaya gefen kuma, abin da ya fi tsana a duniya shi ne dawowa wayam. A ganinsa motar da ta dawo ba kaya ta ƙone rabin manta a banza, komai iya tuƙin direbanta. Don haka kafin mu bar Badun ya riga ya buga waya ya san abin da zai ɗauko: ko kayan masarufi na masu kantuna daga Legas, ko huhunan goro daga Sabon Shagamu zuwa tashar da motocin Arewa suke lodi. Ko da kuɗin dakon dawowa bai taka kara ya karya ba, in dai ya biya man komawa gida, to an ci riba.

Dangane da lafiyar mota kuwa, abu biyu zan ambata, domin su ne aka fi sakaci da su. Na farko iskar taya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska takan baje a ƙasa, ta riƙa jan mota baya, ta yi zafi, ta cinye ta gefe-gefe. Yawancin mutane da ƙafa ko da ƙarfe suke bugun taya su ce ta yi. Kawu yana da ɗan ma'auninsa na kansa, kuma da safe yake aunawa kafin taya ta yi zafi, ya bi adadin da masu ƙera motar suka rubuta, ba abin da mai faci ya ga dama ba, domin cika iska fiye da kima shi ma yana rage wa taya riƙon ƙasa.

Na biyu shi ne wani ɗan ƙarfe mai kama da murfi da yake kan hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto, wanda aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya yi ɗumin da ya dace, sa'annan ya buɗe. Da yawa daga cikin makanikanmu, da zarar mota ta sauka daga jirgi, sai su cire shi su jefar, su kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Wani bakanike ya kawo wa Kawu wannan shawara a gabana, Kawu ya ce masa, "Malam, wanda ya ƙera motar nan ya san da zafin rana kafin ya sa shi. Bar mini abina." Gaskiyarsa kuwa, domin an tsara inji ne ya yi aiki ruwansa yana wajen digiri 90 a ma'aunin zafi. In ya kasa kai wa haka, 'yar kwamfutar da take raba mai a motocin zamani sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai. In mota tana zafi fiye da kima, a duba lagireto ko fanka ko famfon ruwa, a gyara abin da ya lalace. Ban da waɗannan, yana sauya baƙin mai da fulogi a kan lokaci, yana kuma kakkaɓe matatar iska a kai a kai, musamman da hunturu. A tsofaffin motoci masu kafireto toshewar matatar nan tana ƙara shan mai kai tsaye, a na zamani kuwa ƙarfin mota take ragewa, direba ya yi ta danna totur yana neman abin da babu.

Sai dai fa tattali yana da iyaka, kuma a nan ne na ga fushin Kawu wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Badun gari ne na tuddai, kuma tun da mai ya yi tsada wasu direbobi suka farfaɗo da wata tsohuwar ɗabi'a, watau in sun zo gangara su cire giya, wasu ma har su kashe inji ɗungurum, mota ta yi ta gangarawa da kanta. Wata rana wani yaro da Kawu ya koya wa tuƙi ya zo yana alfahari da haka a tasha. Kawu ya tashi tsaye ya ce, "Kai, da ran wa kake sayen rabin lita? Da naka ko da na 'ya'yan mutane?" Sa'annan ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Abin da yake sa birki ya yi laushi a ƙafa daga inji yake samun ƙarfinsa, in inji ya mutu, taku ɗaya ko biyu ne birki zai ƙage kamar dutse. Sitiyari shi ma zai yi nauyi, in kuma makulli ya koma baya gaba ɗaya yana iya kullewa. Ko da ba a kashe inji ba, motar da ba ta cikin giya ta rasa riƙon da inji yake yi mata, sai nauyinta duka ya koma kan birki, ya yi zafi ya daina kamawa. Abin takaicin ma shi ne, a motocin zamani wannan kasada ba ta da ko riba. In mota tana gangara cikin giya, direba ya ɗage ƙafa daga totur, kwamfutar takan yanke mai gaba ɗaya, domin tayoyi ne suke juya inji. Wanda ya cire giya kuwa dole inji ya sha mai don kada ya mutu. Ashe ke nan hanyar da ta fi aminci ita ce kuma ta fi araha. Haka nan Kawu ba ya sayen man bumburutu don an rage masa 'yan kuɗi, saboda ba ya sanin abin da aka gauraya a jarka, kuma araha, in ji shi, ba ta ado.

Watannin da suka biyo bayan Mayun 2023 su ne suka gwada kowa. Na ga tashar da take cika da hayaniya ta koma tsit, na ga motoci a jere an tokare tayoyinsu da duwatsu. Cikin waɗanda suka karɓi mota da irin sharaɗin Kawu akwai wanda aka ƙwace tasa saura kaɗan ya gama biya, mutum mai mata da 'ya'ya, kuma ba malalaci ba, hasali ma ya fi Kawu yawan sawu. Shi kansa Kawu ya ji jiki. Akwai makon da bayan an cire kuɗin mai da na mai mota da na tasha, abin da ya rage bai wuce na garin tuwo ba, akwai kuma makon da ya kasa cika biyan. Daren nan ya ce in kawo littafi, muka zauna a tabarma da fitila muna bin sawu ɗaya bayan ɗaya. Da yake ya san abin da kowace tafiya take ci, sai ya gane waɗanda suke biyan kansu da waɗanda suke cin uwar kuɗi. Ya daina karɓar ƙananan aike na cikin Legas da suke jefa shi a cunkoso, ya rage sawu daga biyar zuwa huɗu, amma kowanne da kaya zuwa da dawowa. In mai kaya ya yi masa tayin da bai kai ba, ba ya rantsuwa ba ya ta da jijiyar wuya, sai ya buɗe littafi ya nuna masa lita da farashi. Da yawa sukan yi shiru su ƙara. Bai sake kasa biya ba, kuma kafin ƙarshen 2024 aka miƙa masa takardun mota da sunansa.

Ba zan ce duk wanda ya rasa motarsa laifin ƙafarsa ne ba, wannan zai zama rashin adalci. Direba ba shi ya haƙa ramukan hanya ba, ba shi ya kafa shingayen da ake tsayar da shi ba, ba shi kuma yake yanka kuɗin da ake karɓa a hannunsa a kowace tasha ba. Akwai kuma sauye-sauyen da suka fi ƙarfin mutum ɗaya, kamar matatar Ɗangote da ke Lekki wadda ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, da shirin gwamnati na mai da motocin haya masu amfani da iskar gas wanda aka ƙaddamar a 2023. Waɗannan na hukuma ne da masu hannu da shuni. Amma ko da gas mota take tafiya, ko da me za ta yi tafiya nan gaba, iska ba za ta daina turjiya ba, birki kuma ba zai daina cinye abin da aka biya ba. Abin da yake hannun direba shi ne ƙafarsa da idonsa da haƙurinsa, kuma na ga wannan kaɗai ya isa ya raba mai mota da wanda aka ƙwace wa.

A ƙarshe, ina da 'yar magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, domin yawancinmu ba direbobi ba ne, amma dukkanmu fasinjoji ne. Sau nawa muka shiga mota za mu gida hutu, direba yana tafiya a natse, sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Direba, ba ta wuta mana, ko amarya ka ɗauko?" Sauran kuma a yi dariya. Sau nawa muka matsa a ɗaura mana ƙarin kaya a sama, ko muka yaba wa wanda ya kawo mu da wuri ba tare da mun tambayi yadda aka yi ba? Wutar nan da muke cewa a bayar, da abincin iyalin direba ake hura ta, wani lokaci ma da rayukanmu. In Allah ya haɗa ka da direban da yake tafiya sannu, yana barin tazara, yana ƙin lodin wuce kima, to ka san ka shiga motar wanda ya san abin da yake yi, ka kama bakinka ka yi masa addu'a. Allah ya ba masu nema ta halal sa'a, ya kai matafiya gida lafiya, amin.